Soro Ko Kwano? Shawara Ga Mai Tsohon Gida

Sa'ad da muka fita rangadi ƙasar Kibiya a ƙarshen damina, mun yada zango a Fassi. Nan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kai mu ya nuna mana soron da ya gada wurin mahaifinsa. Ruwan watan Agusta ya huda rufin wuri biyu, ƙasa tana zuba a kan littattafansa. 'Ya'yansa sun ce a kware rufin duka a buga kwano kamar yadda kowa ke yi, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce, "Malam, kuɗin sallamata ke nan zan zuba, ba ni da waɗansu. Me kuka gani?" Mun ba shi amsa a can, amma da ya ke mun san malamai da akawuna da yawa suna cikin irin wannan hali, muka ga ya kyautu mu maimaita ta a nan.

Abin da muka gani shi ne, mutane suna zaɓen rufi da ido, alhali kuwa bango ya kamata a fara tambaya. Bangon tubali da rufin soro tare aka yi su, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Magini yana jera azarar giginya, ya shimfiɗa zana ko asabari, ya ɗora ƙasa, sa'an nan ya shafe da makuba ko laso, ya sa indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Azara ba ta ɗaukar wannan nauyi in faɗin wurin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa a ke ɗaura bakan gizo in ana son babban ɗaki. Nauyin ƙasar nan shi ne ke danne bango, kaurinta kuma shi ne ke tsare zafin rana har dare ya yi, ya tsare ɗumi lokacin hunturu. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana cikin bazara ya san abin da mu ke nufi.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Soro yana son hidima kowace shekara, kuma a kudancin Kano, wajen Rano da Kibiya, ruwa ya fi na arewa yawa. In aka yi sakaci da yaɓe damina biyu, ruwa ya ratsa, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi, kan azara ya ruɓe a cikin bango, sai rufi ya rufta da dare a kan masu barci. Wannan ba tatsuniya ba ce, kusan kowace damina mukan ji labarinsa. Ga shi kuma giginya ta yi ƙaranci, ana sara ba a dasawa, ita kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa azara. Gwanayen magina su ma suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo.

Kwano kuwa ya yaɗu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba mu ƙi shi ba. Ba shi da nauyi, kafinta yana gama ɗaki a kwana biyu, ba ya bukatar yaɓe. To, rashin nauyin nan shi ne aibinsa a kan bangon ƙasa. Ƙusa ba ta kama tubali. In ba a ɗaure katakon da waya ko langalanga an binne su can ƙasa cikin bango ba, iskar farkon damina sai ta ɗauke rufin ɗungum ta jefar a gonar maƙwabci. Mu da mu ke duba makarantu mun ga azuzuwa da dama da aka yi wa haka, yara suna karatu a gindin bishiya har zangon ya ƙare. Mun kuma tsaya a aji mai kwano ba silin ana ruwa, malami yana ta buɗe baki, ba wanda ke jinsa. Zafin watan Afrilu kuwa ba sai mun faɗa ba. Har wa yau, kwanon da a ke sayarwa da araha sirara ne ƙwarai, tsatsa na cinsa tun daga ramin ƙusa. Araha dai ba ta ado.

Jinka ta fi duka sanyi da sauƙin kuɗi, sai dai gobara da gara, kuma ba a ɗora ta a kan babban soro. Rufin kankare, wanda a ke kira dekin, kada ma a kawo zancensa a kan bangon ƙasa, ba zai ɗauka ba. Haka nan shafa siminti a kan rufin soro: ƙasa tana motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya binta, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Wanda kuma ya tarar da tsohon rufin asbestos a gidansa, kada ya fasa shi ko ya yanka da zarto, domin an tabbatar ƙurarsa tana jawo ciwon daji a huhu.

Saboda haka shawararmu ga mai tsohon soro ita ce ya haɗa biyun. A bar rufin ƙasa inda ya ke, a gyara inda ya lalace, sa'an nan a kafa kwano a bisansa, da tazara tsakani yadda iska za ta riƙa ratsawa. Kwano ya tare ruwa, soro ya tare zafi da ƙara, ya kuma tsaya a matsayin silin, an huta da sayen wani. A bar wa kwanon baki mai tsawo, kamar ƙafa 2, domin ya kare kan bango. Irin wannan dabara aka yi wa tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani na wajen 1830 da 'yan kai, inda aka tayar da sabon gini aka rufe tsohon a ciki. Mun san za a rasa kyan zankwaye, mu ma abin yana yi mana ciwo.

Akwai sharaɗi guda, shi ne kuma mutane ke tsallakewa. Kafin a sayi ko bandir ɗaya, a kira magini tsoho ya tone kan azara a kowace kusurwa, ya caka da wuƙa. In ta yi laushi, ko an ga hanyar gara, to, kwano a kanta ɓoye ciwo ne kawai, gara a sauke rufin a sake. In da lafiya, a bar ƙofa ƙarama a gefen rufin da yaro zai iya shiga ya duba sau ɗaya a shekara. Aikin kuwa a yi shi da rani, tsakanin Nuwamba da Maris, ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattijon Fassi ya sa an tone nasa muna tsaye. Azara uku ne suka ruɓe a kusurwar gabas, inda indararo ya toshe, sauran kuwa wuƙa ta kasa shigarsu. Ya ce zai nemi uku ɗin a kasuwar Rano da zarar an gama girbi.