Tamaula da Taya: Kawu Ya Buɗe Mini Littafi

Ina gaida na Maryland da na Virginia da 'yan cikin gari, har ma da waɗanda ke karanta ni don kawai su samu abin yi mini dariya. To yau dai ranarku ce.

Akwai wani kawuna, ƙanin Umma, da ke zaune a Hyattsville. Bai taɓa yi mini gardamar ƙwallo ba. Abin da yake yi ya fi gardama ciwo. Yana da wani ɗan littafi irin wanda masu shago ke rubuta bashi, duk hasashen da na yi a wannan fili sai ya kwafe shi a ciki da kwanan wata. Rannan mun haɗu a wajen suna, an gama cin tuwo ana jiran shayi, kawai sai ya zaro littafin nan daga aljihu, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Ɗana, matso mu yi hisabin 2025." A gaban mutane fa! Na ce, "Kawu, a rufa asiri mana." Ya ce ai ni na tona wa kaina, shi karantawa kawai zai yi.

Na farko da ya karanto: wai ni na ce Najeriya za ta zo gasar cin kofin duniya ta 2026 a nan Amurka, har na ƙara da cewa wanda ke shakka ya je a duba shi.

Bari in faɗa muku inda wannan magana ta samo asali, ba don in wanke kaina ba. A 1994 aka haife ni, shekarar da Amurka ta fara karɓar baƙuncin gasar, kuma shekarar da Najeriya ta fara zuwa. Baba ya bar Umma da ni ina jariri, shi da abokansa suka cika mota suka yi tafiyar awa takwas zuwa wajen Boston don su kalli Najeriya da Italiya ranar 5 ga Yuli. Emmanuel Amunike ya ci mana ƙwallo tun kafin hutun rabin lokaci. Aka kori Gianfranco Zola, Italiya ta koma mutum goma. A minti na 88 Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara ta biyu da fenariti, shi ke nan. Tun ina ƙarami nake jin Baba yana cewa "saura minti biyu", ko da ba maganar ƙwallo ake ba. Umma kuwa har yau cewa take Allah ne ya saka mata. Don haka da aka ce gasar za ta dawo ƙasar nan, a raina na riga na gama tsarawa: wannan karon ni zan tuƙa, Baba yana gefe, mu je mu ƙarasa minti biyun nan. Wanda ya riga ya cika tanki a zuciyarsa, ta ina zai iya hasashe na gaskiya?

Ga kuma lissafin da ke gabana ƙiri-ƙiri na ƙi dubawa. A wasanni huɗu na farko na neman gurbi, maki uku kacal muka haɗa. Kunnen doki da Lesotho a gida, a Uyo. Kunnen doki da Zimbabwe, kunnen doki da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu 2-1 a watan Yunin 2024, kuma mai horar da Benin ɗin Gernot Rohr ne, wanda muka sallama a 2021. Aka fara da Jose Peseiro, aka koma Finidi George, aka ƙare da Eric Chelle a Janairun 2025. Ko da FIFA ta ƙwace wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta saka ɗan wasan da bai cancanta ba, haka ta gama a samanmu. Afirka fa gurbi tara aka ba ta kai tsaye a wannan gasa ta ƙasashe 48. An faɗaɗa ƙofa har raƙumi zai wuce da kayansa, mu muka tsaya muna neman taga.

Amma da Victor Osimhen ya zura uku a ragar Benin a watan Oktoba muka ci 4-0, sai duk na manta da wancan. Aka tafi Rabat wasannin cike gurbi, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda kuɗin alawus da suke bi, kwana biyu kafin wasa. Wannan ma na kau da kai. Muka doke Gabon 4-1, na ƙara ɗaga murya. Ranar 16 ga Nuwamba, da Kwango ta Kinshasa, Frank Onyeka ya ci a minti na uku, na tashi tsaye a falo ina cewa a kawo makullin mota. Suka farke kafin hutu, Osimhen bai dawo ba bayan hutu saboda rauni, daga nan kamar an zare wa rediyo batir. Aka je bugun fenariti, Kwango ta canja mai tsaron gida musamman don wannan, Chancel Mbemba ya buga na ƙarshe, 4-3. Mai horar da mu ya fito yana zargin an yi tsafi. Haba! Ƙungiyar da ba ta iya doke Lesotho a gida ba, wane boka ne zai ɓata layarsa a kanta? Darasin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙungiyar da ta dogara da ƙafar mutum ɗaya, hasashe a kanta hasashe ne a kan gwiwar mutumin nan kawai, kuma na san haka tun kafin a take wasa.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a 5 ga Disamba 2025 aka raba rukunan gasar a Kennedy Center, a nan bakin kogin Potomac, ana dusar ƙanƙara. A garinmu aka yi bikin, ba sunanmu a cikin kwano. Dama can a 2022 da aka zaɓi garuruwan da za a buga wasa an tsallake Washington, Philadelphia ce mafi kusa da mu da aka ba. Abokaina 'yan zango na Alexandria suka yi ta kira suna tambaya ko ina buƙatar rigar Ghana, wai suna da ragowa. Na ce Allah ya isa, amma a ajiye mini guda.

Kwana biyu bayan nan, ranar Lahadi, aka rufe kakar tseren Formula 1 a Abu Dhabi. Ƙarfe takwas na safe ne a agogonmu, na yi asuba na zauna jira. A nan ne Kawu ya juya shafi na biyu, kuma a nan kuskurena iri biyu ne.

Na ɗaya irin na ƙwallo ne, wato son zuciya. Tun farkon shekara na ce Lewis Hamilton zai ɗauki kambunsa na takwas da jar motar Ferrari. Dalilina? Babu, illa dai tun 2008 nake ƙaunarsa, ranar da ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe a Brazil ya ɗauke kambu da maki ɗaya tal. To a 2025, in ka cire ɗan gajeren tseren da ya ci a China, bai hau mumbarin ukun farko ba ko sau ɗaya a duk kakar. Wanda bai saba kallon tsere ba ya riƙe wannan: a Formula 1 mota ce ke gaba, direba na biye. Direban da ya fi kowa iyawa, in aka ba shi mota ta huɗu, to na huɗu ko na biyar zai riƙa zuwa.

Na biyu ya fi ba ni kunya, don a nan na ɗauka na yi wayo. A ƙarshen Agusta, bayan tseren Holan inda motar Lando Norris ta mutu a hanya, Oscar Piastri ya ba shi ratar maki 34, ya ba Max Verstappen ratar 104. Na ce to, tunda zuciya ta yaudare ni, bari in bi lissafi. Na rubuta cewa an gama, Piastri ne. Abin da na manta shi ne saura tsere tara, kuma mota ba ta zama yadda take. Red Bull suka gyara tasu, Verstappen ya fara cin tsere ɗaya bayan ɗaya, Piastri kuma ya shiga wani irin sanyin jiki daga Baku. Sai ga abin da ba wanda zai iya hangowa: a Las Vegas aka soke sakamakon motocin McLaren duka biyu bayan an gama tsere, saboda katakon da ke ƙarƙashin mota ya side fiye da ƙa'ida. Dokar ta ce kada kaurinsa ya gaza milimita tara. Abin da bai kai kaurin farce ba ya cinye wa Norris maki 18. A Katar kuma McLaren suka ƙi kiran direbobinsu su canja taya a lokacin da kusan kowa ya shiga, suka miƙa wa Verstappen nasara a faranti.

Shi kansa tseren Abu Dhabi, in don kallo ne, gaskiya ba wani armashi. Verstappen ya fita gaba ya yi tafiyarsa, Piastri ya wuce Norris a zagayen farko. Daɗin yana cikin lissafi: Norris na buƙatar ya gama cikin ukun farko, kuma a na ukun yake, ba shi da sauran wurin ja da baya. Bayan ya canja taya ya fito cikin cunkoso, sai da ya ratsa motoci da dama, Charles Leclerc na biye da shi. Bai firgita ba. Aka tashi Norris 423, Verstappen 421, Piastri 410. Verstappen ya ci tsere takwas, su biyun bakwai-bakwai. A ganina Verstappen ne direban shekara, amma Norris bai saci komai ba, kuma shi ne ya kawo wa McLaren kambun direba na farko tun na Hamilton a 2008. Wanda na naɗa sarki tun Agusta kuwa, na uku ya ƙare.

Wasu kan tambaye ni me ya haɗa ɗan Bahaushe da tseren mota. Filin RFK ne ya haɗa mu. Wasa biyar aka buga a can a 1994, a nan ne Saeed Al-Owairan na Saudiyya ya ɗauko ƙwallo daga rabin filinsu ya ratsa 'yan Beljiyam ya ci. To a wurin ajiye motocin filin nan aka shirya tsere a watan Yulin 2002, Baba ya kai ni ina shekara takwas. Motar Panoz ta Jan Magnussen da David Brabham ta doke motocin Audi, ƙararta har cikin haƙarƙari nake jin ta. Maƙwabtan filin ma sun ji, don ƙorafinsu na daga cikin abin da ya sa wannan tseren bai maimaitu ba. Baltimore ta yi nata a kan titunan gari daga 2011 zuwa 2013 ita ma ta haƙura. RFK ɗin ma an fara rushe shi a 2025.

Yanzu bari in yi magana ba da wasa ba, musamman ga ƙannena maza. Wani yaro da nake ganin girman iyayensa ya tare ni bayan sallar Juma'a yana tambaya in ba shi sakamakon wasannin mako, wai yana so ya "gwada wani abu" a waya. Na gane abin da yake nufi. Tun Janairun 2021 aka halatta cacar wasanni ta waya a Virginia, Maryland ta bi sahu a Nuwamban 2022, ana tsakiyar gasar Katar. Ba ka kallon wasa yanzu ba tare da tallarsu ta faɗo maka ba. Hukuncinta a addini ba sai na gaya wa kowa ba, duk mun je Islamiyya. Ni abin da zan ƙara shi ne littafin Kawu. Ni ne fa mai fili guda, mai kwana kallon wasa, kuma ga sakamakona na shekara: na bi zuciya na faɗi, na bi lissafi na faɗi. Wa ya ce Saudiyya za ta doke Ajantina a 2022? Wa ya ce Kwaddibuwa da ta kori mai horar da ita ana tsakiyar gasa za ta ɗauke kofin Afirka a hannunmu a Fabrairun 2024? Ni in na yi kuskure, dariya ake yi mini a wajen suna in sha shayina in tafi. Kai kuɗin makaranta ne zai tafi, kuma masu manhajar nan ba su san kawunka ba balle a roƙe su. Duk wanda ya ɗauki abin da na rubuta a nan ya kai can, ban yafe ba.

Da ya gama karatu Kawu ya buɗe sabon shafi ya ce in faɗi na gaba. Na ce a bar ni in huta, ya ce ai mai fili ba ya hutu. To ga su nan, ku ma ku shaida.

Kofin Afirka na 2027 a Kenya da Uganda da Tanzaniya: Najeriya za ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ba za ta ɗauki kofi ba. Gajeriyar gasa ta wata guda, inda ake tara 'yan wasa wuri ɗaya, ita muka iya. Doguwar tafiyar neman gurbi ta shekara biyu, mai buƙatar tsari da biyan haƙƙi a kan kari, ita ke kayar da mu. Hamilton kuma, da ciwon zuciya nake faɗa, ban ga kambu na takwas ba.

Sai ya ɗago ya ce, "Gasar duniya ta 2030 fa, ta Maroko da Sifen da Fotugal? Za mu je?" Na buɗe baki zan ce a'a, don haka lissafi ya nuna bayan an rasa 2022 an rasa 2026. Sai na hangi Baba a kujerar gefe ya daina kurɓar shayi yana kallona. Na ce, "Kawu, rubuta za mu je." Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya mayar da littafin aljihu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.