Sanarwar Bayan Taro Kan Taƙaddamar Rajista da Gasa Tsakanin Masu Ƙananan Dawaki da Masu Ƙurun Shetland

Gabatarwa

Ƙungiyarmu ta yanki, wadda ta haɗa masu kiwon ƙananan dawaki da masu ƙurun Shetland a nan Amurka, ta yi zama na musamman bayan rufe kakar gasa, domin duba koke-koken da suka taru a teburin sakatare. Zaman ya samu halartar makiyaya, masu horarwa, alƙalan gasa, masu awo, likitan dabbobi da wakilan matasa. An tafka muhawara mai zafi, har sai da shugaba ya ɗage zaman na ɗan lokaci don zukata su huce. Duk da haka kowane ɓangare ya faɗi albarkacin bakinsa, kuma an tashi da matsaya guda.

Abubuwan da taro ya lura da su

1. Mambobinmu suna riƙe da takardun hukumomi daban-daban, kowace da nata ma'aunin. AMHA, wadda aka kafa a Teksas a 1978, ba ta karɓar dokin da ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86. AMHR, wadda ta ɓullo a farkon shekarun 1970, tana da rukuni biyu: rukunin A zuwa inci 34, rukunin B daga nan zuwa inci 38. Ita kuwa reshe ce ta ASPC, uwar ƙungiyar masu ƙurun Shetland ta Amurka, wadda ke nan tun 1888, kuma take barin ƙurunta ya kai inci 46.

2. Da yake gida ɗaya ne ke riƙe da kundin ASPC da na AMHR, ƙurun Shetland da bai wuce inci 38 ba yana iya samun takarda biyu, ya shiga fili ɗaya da ƙananan dawaki. A nan ne gizo ke saƙa. Shetland na Amurka ya sha bamban da kakansa gajere kakkaura mai yawan gashi na tsibiran arewacin Sikotilan. An gauraya shi da jinin Hackney da wasu, ya fito da dogon wuya, siraran ƙafafu da ɗaga gwiwa in yana sassarfa, kuma idon alƙalai ya koma kan wannan fasali.

3. Masu ƙananan dawaki na tsohon fasali sun koka cewa sun shekara da shekaru suna tace iri, sai aka wayi gari kyaututtuka da masu saye duk sun karkata ga masu takarda biyu. Masu Shetland suka amsa da cewa ba su karya dokar kowa ba, kuma yawancin ƙananan dawakin nan, in aka bi asalinsu, jinin Shetland ne a jikinsu. Taro ya yarda cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Rajistar ƙananan dawaki an gina ta ne a kan tsawo, don haka ba za a kori dabba saboda sunan kakanninta ba. Haka kuma ba daidai ba ne a bar mutanen da suka raya wannan kiwo su ji sun zama baƙi a filinsu.

4. Taro ya gano cewa mafi yawan rigimar tana tashi ne a wurin awo. Ana auna ƙaramin doki a gashin ƙarshe na gezarsa, Shetland kuwa a ƙololuwar kafaɗa, don haka dabba ɗaya tana iya zama da tsawo biyu a takardu biyu. Ga kuma dabarun da kowa ya sani amma ba a faɗa: a yanke kofato har kusa da nama kafin awo, a miƙe dokin a ware masa ƙafafu don bayansa ya lotsa, a danna masa gadon baya da yatsa, ko a bar gashin jiki a ƙarshen geza don sanda ta sauka a ƙasa. Wata mamba ta ba da labarin goɗiyarta da aka auna a kan ciyawa ta shiga rukunin A, aka sake auna ta a kan siminti bayan 'yan makonni aka ce ta haura, alhali 'yarta ta riga ta sa rigar gasa tana riƙe da ragama a bakin fili.

5. Likitan dabbobi ya ja hankalin taro kan tseren neman mafi ƙanƙanta. Ya bayyana cewa lalurar wadanci a ƙananan dawaki tana da alaƙa da tawaya a ƙwayar gado mai suna ACAN, kuma an samar da gwajinta a Jami'ar Kentucky. Idan ingarma da goɗiya duka suna ɗauke da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu dukushin ya gaji tawayar ta ɓangare biyu, ya zo da kumburarren goshi, karkatattun ƙafafu da muƙamuƙin da bai haɗu ba, ko cikin ya zube. Ya ƙara da cewa yanke kofato fiye da kima yana sa dabba ɗingishi, kuma azaba ce ko da an ci kofi da ita.

Matsayar da aka cimma

1. Duk dabbar da ke da ingantacciyar takardar AMHA, AMHR ko ASPC tana da 'yancin shiga ajin da takardarta da tsawonta suka ba ta. Ƙungiya ba za ta hana masu takarda biyu shiga gasa ba. A gasar da wata hukuma ta amince da ita, dokokin wannan hukumar ne za a bi ba ragi ba ƙari.

2. Daga kaka mai zuwa, za a riƙa awo ne a kan siminti ko katako mai baje, da sandar awo mai ma'aunin daidaito, a gaban mai awo da shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Dabba za ta tsaya da ƙafafunta huɗu a daidai, kanta a sake, kuma mai riƙe da ita ba zai taɓa mata baya ba. Mai awo ba zai auna dabbarsa, ko ta iyalinsa, ko ta wanda yake yi wa horo ba.

3. Duk dabbar da likita ya samu tana ɗingishi saboda yankan kofato, ba za a auna ta ba, kuma ba za ta shiga fili a wannan gasar ba. Wanda ya maimaita, za a miƙa batunsa ga kwamitin ladabtarwa.

4. A wasannin da ƙungiya ke shiryawa da kanta, za a ƙara aji na musamman ga ƙananan dawaki masu tsohon fasali, a ragama da kuma jan keke, da kyaututtuka daidai da na sauran azuzuwa. Za a kuma ƙara azuzuwan dandaƙaƙƙun dawaki, domin mai kiwo ya samu dalilin dandaƙe namijin da bai cancanci barbara ba.

5. Za a riƙa gayyato alƙalai daga wajen yanki, kuma alƙali ɗaya ba zai yi alƙalancin manyan gasanninmu biyu a jere ba.

6. Ƙungiya ba za ta tallata ingarma a mujallarta ba sai da sakamakon gwajin wadanci. Mai sayar da dukushi zai rubuta wa mai saye tsawon iyayensa da irin takardun da yake da su, ya kuma sanar da shi cewa dukushin da ya girma ya haura iyakar kundinsa yana iya rasa takardarsa.

7. Duk mai ƙorafi ya kai shi a rubuce ga sakatare. Taro ya yi tir da jifan juna da habaici a Facebook, da kiran dabbar wani da sunan raini a gaban yara. An kafa kwamitin sulhu mai wakilai daidai-wa-daida daga ɓangarorin biyu, ƙarƙashin jagorancin likitan dabbobi, wanda zai kawo rahoto a babban taron shekara.

Kira

Taro yana kira ga hukumomin rajista da su ƙara horar da masu awo, su kuma duba yiwuwar daidaita wurin ɗora sanda. Mambobin da ke da shawarar gyaran doka su bi ta hanyar da kowace hukuma ta tanada. Waɗanda za su wakilce mu a gasar ƙasa ta AMHR a Tulsa, jihar Oklahoma, da gasar duniya ta AMHA a Fort Worth, jihar Teksas, ana roƙonsu su haɗa motocin ɗaukar dawaki, su kama barga kusa da juna, su tafi da sunan ƙungiya ɗaya.



Sakatare zai aika wa kowane mamba kwafin sababbin ƙa'idojin awo kafin buɗe rajistar gasar farko, kuma za a liƙa su a ƙofar wurin awo.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatare
Wakilin masu ƙananan dawaki
Wakiliyar masu ƙurun Shetland