Dillalan gidaje a Kano: Lokaci ya yi da za a nemi shaidar ilimi kafin la'ada

A bara wata 'yar uwata da mijinta suka ga gida a Nassarawa GRA, a wani layi da ke kusa da titin Sultan. Dillali ya zagaya da su ɗaki-ɗaki, ya nuna musu kwafin takardar shaidar mallaka, suka ba da kafin alƙalami. Bayan sati uku aka gano gidan na gado ne, magada bakwai, biyu daga ciki ba su ma san ana cinikin ba. Sai da aka shafe wata biyar ana zarya kafin kuɗin ya dawo, shi ma ba duka ba.

Ban yi imani dillalin ɓarawo ba ne. Mutumin kirki ne da ya daɗe a harkar. Kawai dai bai san cewa sunan da ke jikin takardar na mamaci ne ba, bai kuma san abin da ya kamata ya tambaya ba. Wannan ne ya fi damuna, domin ɓarawo ana iya kama shi, amma dillalin da bai san aikinsa ba gobe ma zai sake, kuma da zuciya ɗaya.

A Kano, duk wanda ke da waya da babur zai iya wayar gari ya ce shi dillalin gidaje ne. Direban tasi sai da lasisi, mai kemis sai da rajista, amma wanda zai shiga tsakani a cinikin gidan ɗaruruwan miliyoyin naira babu mai tambayarsa ko ya taɓa karanta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Alhali dokar ce ta ce ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma ba a mayar da mallakar fili mai takarda ga wani sai da amincewarsa. Dillalai nawa ne ke faɗa wa mai saye haka kafin ya biya?

A GRA abin ya fi tsanani. Unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka tsara don zama, da manyan filaye da bishiyoyi. Yau ana yanka filayen gida-gida, ana mayar da gidajen zama makarantu, asibitoci da shaguna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa. Idan dillali ya ce maka "ai ba matsala, kowa haka yake yi", ranar da aka zo aka shafa jan fenti a katanga shi ya riga ya ci la'adarsa.

Ba wai babu ƙwararru ba ne. Ƙungiyar NIESV ta masu kimanta kadarori tana nan tun 1969, kuma a 1975 aka kafa hukumar ESVARBON da ke yi musu rajista. Jami'ar Bayero ma tana koyar da fannin kula da kadarori. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne, yawancinsu suna aiki da bankuna da manyan kamfanoni. Mai neman ɗaki biyu a Hotoro ko Badawa ba ya zuwa ofishinsu, wurin dillalin bakin titi yake zuwa.

Wasu ƙasashen sun riga sun gane haka. Dubai, inda attajiranmu ke rububin sayen gidaje, ta kafa hukumar RERA a 2007, kuma ba ka dillanci a can sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, an ba ka lamba. Ghana ta yi dokar dillancin gidaje a 2020. Legas ma tana da LASRERA da ke yi wa dillalai rajista. Abin mamaki, a Ingila har yanzu doka ba ta tilasta wa dillali samun takardar karatu ba, duk da cewa kwamitin Lord Best ya ba da shawarar yin hakan tun 2019. To ba mu kaɗai ne a baya ba, amma su can suna da rajistar filaye da ake iya dubawa cikin sauƙi.

Inda na saɓa da wasu masu wannan kira shi ne batun digiri. Idan aka ce sai mai digiri ko babbar difloma, an kori dattawan da suka san tarihin kowane gida a unguwa, waɗanda suka san wane ne ya gaji wa, wane fili ne ake shari'a a kansa. Wannan sanin babu ajin da ake koyar da shi. Kuma ba za su daina ba, za su koma yi a ɓoye ne kawai.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne kwas na 'yan makonni, da Hausa, a ƙarƙashin ma'aikatar ƙasa tare da NIESV da shugabannin dillalai. A koyar da yadda ake bincika takarda a KANGIS, da hukuncin sayar da gidan gado a shari'ar Musulunci, da rubuta yarjejeniyar haya. Masu kula da gidajen haya kuma a wajabta musu ajiye kuɗin mai gida a asusu daban, domin mutanenmu da ke zaune a Saudiyya ko Abuja sun sha jin "an yi gyara da kuɗin" ba tare da rasit ko ɗaya ba. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi kati mai lamba da kowa zai iya dubawa ta waya, wanda ya ci amana a ƙwace katin.

Majalisar dokokin jihar Kano na iya yin wannan doka ba tare da jiran Abuja ba, kamar yadda Legas ta yi. Dillalin 'yar uwata kuwa yana nan yana aikinsa, makon jiya ma na hango shi yana buɗe wa wasu ƙofar wani gida.