Ciwon Zuciya Ma Yana Da Magani

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci jiki da rai, ya sanya wa kowannensu cuta da waraka. Bayan haka, akwai wata cuta da ta yawaita a zaure da kasuwa, amma ana jin kunyar ambatonta, watau baƙin cikin da ba ya yayewa, da fargaba, da waswasi.

Kadan falke ya yi hasarar dukiya, ya daina barci, abinci ya fita ransa, ya ƙaurace wa rumfarsa wata da watanni, sai a ce imaninsa ya yi rauni. Wannan hukunci akwai gaggawa cikinsa. Malamai sun san baƙin cikin Annabi Yakubu, alaihis salam, bisa rabuwa da ɗansa, sun kuma san shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Ashe damuwa ba ta kore imani.

Jiyya ta hanyar zance kuwa tana da asali a wajen Musulmi. Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 934, ya bayyana cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi cewa rai yana ciwo kamar jiki, kuma ana kawar da mugun tunani da kyakkyawan tunani da nasihar masani. A wajen 1960 likita Aaron Beck na Amurka ya tsara irin wannan hanya, aka jarraba ta, aka ga amfaninta.

Ga yadda ake yi. Majinyaci yakan zauna da masanin halayyar ɗan Adam sau ɗaya a mako, na kamar sa'a guda, har 'yan watanni, asirinsa kuwa a rufe. Kadan falke ya ce shi kam ya ƙare, sai su ɗauki maganar su auna ta kamar yadda ake lissafin uwar kuɗi da riba: me ya salwanta, me ya rage, wa zai iya ba shi kaya bashi. Sa'an nan a aza masa ƙaramin aiki, yau ya fita masallaci, gobe ya buɗe rumfa sa'a biyu, har ƙarfin zuciyarsa ya komo. Mai waswasin alwala kuwa akan horar da shi ya tsaya a wanki uku, ya daure wa ƙuncin da ya taso har ya lafa da kansa. Wannan ya yi daidai da abin da malaman Malikiyya suka hukunta wa mustankihi, cewa ya yi watsi da kokantonsa.

Wani zai ce addu'a ta isa. To, ai mai karaya yakan yi addu'a, ya kuma je wajen maɗori, ba wanda ya zarge shi. Likita Adeoye Lambo ma, da ya kafa tsarin jiyyar ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954, bai raba majinyata da danginsu ba, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya.

Amma fa zance kaɗai ba ya isar kowa. Wanda ciwonsa ya tsananta yana bukatar ƙwayar magani daga likita, wanda kuwa ya fara ambaton kashe kansa a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Akwai asibitocin wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau. Mari da bulala ba magani ba ne, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 kuwa ta tsare wa majinyaci mutuncinsa.

Nauyin yana wuyan malamai, domin zaurensu ake fara zuwa. Ya kamata su yi addu'a, su kuma nuna hanyar asibiti. Fatake su ma su lura da maƙwabcin da ya yi shiru, tun bango bai tsage ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.