Wa zai duba mu in mun je likita?

A cikin shirin da muke gabatarwa a gidan rediyo, inda masu saurare ke bugo waya, babu ƙarar da muke samu kamar ta ma'aikatan likita. Wata baiwar Allah mai saida tattasai da albasa ta kira mu tana huci. Ta ce ta rufe kayanta tun da sassafe, ta goyi ɗanta da ke fama da masassara, ta tafi CSI ta unguwarsu, ba a duba yaron ba sai bayan azahar. Da ta shiga, malamar ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta rubuta takardar magani ta ce mai bi ya shigo. Ta yi asarar cinikin wuni, ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ta koma gida da ɓacin rai.

Mun ba ta haƙuri, sannan muka tambaye ta: «Hajiya, ma'aikata nawa kika tarar?» Ta ce guda. «To marasa lafiya fa?» Ta yi dariya ta ce sai ka ce ranar kasuwa. Wannan amsa tata ita ta sa muka ɗauki alƙalami yau.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin lissafi, don haka mu yi shi tare. A ce malamar jinya ta zauna awa 8 ba ta tashi ba, ba salla, ba cin abinci. Minti 480 ke nan. In mutum 80 suka zo, kowa minti 6 zai samu. Cikin minti 6 ɗin ne za ta ji ciwo, ta auna zafin jiki, ta ɗibi jini don gwajin masassara, ta rubuta cikin rajista, ta yi bayanin yadda za a sha magani. In aka kawo mai naƙuda ko wanda mota ta buge, sai layin ya tsaya cik. Wanda ya taɓa tsare shago shi kaɗai a jajibirin salla ya san yadda ake mance canji, a kuma yi wa mai saye tsawa ba da niyya ba. Kuskuren shago kuɗi yake ci, na likita kuwa rai yake ci.

Masana sun auna wannan abu. A shekarar 2002 wata mai bincike a Amurka, Linda Aiken, da abokan aikinta, sun bi diddigin mutanen da aka yi wa aiki a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya. Sun gano cewa duk lokacin da aka ƙara wa malamin jinya maras lafiya guda a kan waɗanda yake kula da su, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashe 9 na Turai, aka samu kusan amsa ɗaya. Dalilin a bayyane yake: malamin jinya ne ke kusa da gado, shi ke fara lura numfashi ya sauya, ko jini na zuba, ko ƙarin ruwa ya tsaya. In marasa lafiya sun yi masa yawa, sai ya lura a makare. Jihar Kalifoniya ma doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2004, ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da za a damƙa wa malamin jinya guda. Can ana gardama ne a kan mutum 4 ko 8. Mu nan mun san ɗakunan yara da malami guda ke kwana da gadaje masu yawa, wani gadon ma yara biyu ne a kai.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da rahoto a 2006 a kan ma'aikatan lafiya. Ta ce ƙasashe 57 na cikin matsanancin ƙarancin ma'aikata, 36 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma Nijar na ciki. Ta ce Afirka na ɗauke da kusan kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya, amma ma'aikatan lafiyar da ke cikinta kashi 3 ne kacal. Mizanin da ta sa a lokacin shi ne lokotoro da malaman jinya da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000. A 2016 ta ɗaga mizanin zuwa kusan 45. Mu har yau ba mu kai ko rabin mizanin farko ba. Ga shi kuma muna ƙaruwa: ƙidayar 2001 ta same mu miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, yanzu mun haura miliyan 25. Ko da gwamnati na ɗaukar ma'aikata, in ba ta ɗauka da saurin da ake haihuwa ba, baya muke yi.

Kada a ce ba a yi kome ba, an yi. Daga 2001, cikin shiri na musamman na shugaba Tanja Mamadu, an gina ƙananan likitocin ƙauye wajen 2,000, aka zuba musu ma'aikatan da aka horar na ƴan watanni. A 2005 aka ce aikin fidda jariri kyauta ne, a 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Wannan babbar nasara ce, kuma darasinta shi ne an samu sauƙi domin an kai ma'aikaci kusa da uwa, ko da ba lokotoro ba ne. A 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin duba marasa lafiya a likitocin gwamnati da rabi, suka ce haihuwa kyauta. Mun yi murna, kuma ya kamata mu yi. Amma kowane ɗan kasuwa ya san in ka karya farashi, masu saye ƙaruwa suke. In ba ka ƙaro yaran shago ba, layi ne zai yi tsawo. Haka abin yake a likita. An buɗe wa talaka ƙofa, to sai a ƙaro masu tarbarsa.

Bayan ƙaranci akwai rashin adalci wajen rabo. Kowa ya san ma'aikata sun fi taruwa a Yamai da manyan garuruwa. Akwai gidan haihuwa a birni da ungozomomi ke karɓa-karɓa, akwai CSI a dajin Dakoro ko Tanut ko Abalak da mutum guda ne lokotoro, shi ne ungozoma, shi ne mai bada magani, shi ne mai rubuta rahoton wata. Ranar da aka kira shi taro a babban gari, ko ya tafi karɓar albashi, ko shi kansa ya kwanta ciwo, likitar ta rufe ke nan. Mace ta taho a amalanke daga nesa ta tarar da kwado. Gobe ba za ta sake wahalar da kanta ba, sai ta haihu a gida, sai ta sayi ƙwayoyi wajen mai tallar magani a kan keke, wanda rana ta gama dafa kayansa.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin muna da hannu a ciki. Sau nawa aka tura ƴar wani babban alhaji aiki ƙauye, kafin ta kwance kaya an bi ta bayan gida an maido ta birni? Wa ke ɗaukar waya ya kira wani babba ya ce a taimaka, yarinyar nan amarya ce, ba ta saba da daji ba? Mu ne. Ranar da muka nema wa ƴarmu alfarma, mun raba wani ƙauye da ungozomarsa. Kuma ƙauyen nan shi ke kawo mana gero da wake da bisashen da muke ciniki da su, can ne iyayen da yawa daga cikinmu suke zaune.

Wani zai ce mun zama lauyan ma'aikata. A'a. Akwai masu wulaƙanta mutane ko da layi bai da tsawo, akwai mai zuwa aiki da hantsi ya tashi kafin la'asar, akwai mai duba ɗan uwansa da mai kuɗi ya bar talaka a benci. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna rubutu a kan haka, kuma wani littafi da ya fito a 2003, wanda Jafare da Olibiye de Sardan suka jagoranta, ya bayyana irin tarbar da ake yi wa marasa lafiya a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Wanda ya zagi mai naƙuda a hukunta shi, ba mu da ja. Sai dai ba a iya rarrabe malalaci da wanda aiki ya fi ƙarfinsa sai an san yawan aikin da ke kan kowa. Kuma mu tuna da yawa daga cikin masu duba mu ƴan kwantaragi ne ko masu aikin sa kai, wasu shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Wanda bai san ranar da za a biya shi ba, da wuya ka same shi da sakin fuska.

Wani kuma zai ce gwamnati ba ta da kuɗi, ga matsalar tsaro. Gaskiya ne aljihun ƙasa ba shi da zurfi. Amma shugabannin Afirka da kansu suka yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don lafiya, kuma a shekarun nan Nijar ba ta cika wannan alƙawari ba. Sannan ma'aikatan ba daga waje za a sayo su ba. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, da makarantu masu zaman kansu, suna yaye ɗalibai kowace shekara, jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram suna horar da lokotoro. Muna da masu takarda zaune a gida, muna da likitocin da ba kowa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su, a kuma biya su a kan lokaci.

To me muke nema? Daga hukuma, a raba ma'aikata bisa yawan aiki. OMS tana da wata hanya da ake kira WISN: a ƙirga mutum nawa ke zuwa a shekara, haihuwa nawa, allurar rigakafi nawa, minti nawa kowane aiki ke ci, sai lissafi ya fitar da ma'aikata nawa wurin ke buƙata. Haka mai gidan burodi ke sanin ma'aikata nawa zai ɗauka. A kuma yi la'akari da damina. Kowa ya san daga watan Yuli zuwa Oktoba masassara da tamowa ke haɗuwa a kan yara, shi ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ke ƙara gadaje da ma'aikata a Magarya da Madarumfa idan lokacin ya zo. Abin da ake sani tun kafin ya zo, bai kamata ya riske mu ba shiri ba. Sannan a liƙa a ƙofar kowace CSI yawan ma'aikatan da aka tura mata da sunan mai gadi na ranar, don jama'a su san wa ya zo, wa bai zo ba.

Daga gare mu kuma, akwai abin da ba sai mun jira Yamai ba. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a mai sa ido a kan kuɗi da magani, wanda ake kira COGES. Mata ƴan kasuwa, ku da kuka iya riƙon adashi ba a ɓatar da ko dala ba, ku shiga wannan kwamiti. In magajin gari ya kira taron kasafin kuɗi, ƙungiyoyin ƴan kasuwa su je su tambayi nawa daga harajin kasuwa aka sa a likita. Alhazan da Allah ya hore wa, masu gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka da alheri, amma ku duba gidan ungozoma. Sau da yawa abin da ke korar ma'aikaciya daga ƙauye shi ne rashin ɗaki mai ƙofa, da ruwa, da wuta, da lakwal ɗin da za ta sa ƴaƴanta. Ɗaki biyu da faranti mai amfani da hasken rana ba su fi ƙarfin ƙungiyar ƴan asalin gari ba.

Abu mafi ɗorewa shi ne mu karantar da ƴaƴan wurin. Cikin shawarwarin da OMS ta bayar a 2010 don riƙe ma'aikata a karkara, akwai cewa a riƙa ɗaukar ɗalibai ƴan asalin karkara, domin bincike a ƙasashe da dama ya nuna su suka fi komawa su zauna. Yarinyar da ta tashi a Mayahi ko Kance ba ta tsoron duhu da rairayi, ta san harshen mutanenta, ta san kunyar matan garinsu. In gari ya haɗa kuɗi ya biya mata karatun ungozoma bisa sharaɗin ta dawo ta yi wasu shekaru, an yi ciniki mai riba. Amma sai mun bar ta ta gama lakwal tukuna. Ba zai yiwu mu cire ƴaƴanmu mata daga aji tun suna ƙanana, sannan mu riƙa fushi don namiji ne ke karɓar haihuwar matanmu ba.

Ita kuwa Hajiya mai tattasai, haƙƙinta ne a dube ta da mutunci, a kuma sallame ta da wuri ta koma ga sana'arta. Hanyar samun wannan haƙƙi ita ce ranar da ta koma ta tarar da ma'aikata uku a inda ta bar guda. Idan wani babba ya zo kasuwa gaisuwa ko buɗe sabon gini, bayan an gama tafi, a samu mai ƙarfin hali ya tambaye shi: ranka ya daɗe, ma'aikata nawa za a turo, kuma yaushe? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, amin.