A bar wa mai ɗaki makullinsa

Sanin kowa ne cewa mutanen Bana, cikin gundumar Gaya ta jahar Doso, sun saba hulɗa da ƙasashe uku: ga kasuwar Gaya, ga Kamba ta Najeriya, ga Malanbil ta Benin a hayin kogin Kwara. A yau wani kashi na wannan hulɗa ya koma cikin salula, tun daga aika kuɗi har cika takardun neman makaranta ko aiki, kuma kowane shafin intanet da kalmar sirrinsa.

Abin damuwa shi ne, waɗansu shafuna suna hana manhajar shiga intanet ta ajiye kalmar sirri da abin da mutum ya cika. Hujjar masu su ita ce kada ɓarawo ya ɗauki waya ya tarar da ƙofa a buɗe. Niyyar kyakkyawa ce, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda aka tilasta wa haddace kalmomi goma, ƙarshenta guda zai zaɓa, shekarar haihuwarsa ko lambar wayarsa, ya riƙa sa ta ko'ina. Wani ya rubuta tasa a bayan littafin bashi, wani ya damƙa ta ga yaron shagon caji. In kuwa layi ya yanke ana cikin cika takarda, sai a koma farko, kuɗin waya na tafiya.

Masu ƙera manhajojin sun daɗe da gane haka. Internet Explorer a 2013, Chrome kuma a 2014, sun daina bin wannan hani a kan kalmar sirri, Firefox ma ta bi sahu. A 2017 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta shawarci masu shafuna su bar mutane su liƙa kalmar sirri daga ma'ajiyarta. Dalili kuwa, manhaja tana riƙe doguwar kalma mai wuyar cinta, kuma ba ta miƙa ta ga shafin jabu, alhali idon mutum yana ruɗuwa. Duk da haka akwai masu neman wata dabarar toshewa.

Saboda haka ya wajaba bankuna da ma'aikatu su saki wannan ɗabi'a, su ƙarfafa tsaro da lambar tabbatarwa da ake aikowa a waya. Hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, ita ma tana da rawar takawa wajen wayar da kai.

Jama'a ma da nasu nauyi. Kowa ya sa wa wayarsa makulli. Wanda ya ari waya, ko ya zauna gaban kwamfutar shagon intanet, kada ya yarda a ajiye masa komai, kuma ya rufe asusunsa kafin ya tashi. Tsaron kaya, in ji Hausawa, ya fi ban cigiya.