Wace Mota Ƙungiya Za Ta Saya?

 Tun da aka fara maganar sayen mota a ƙungiyoyinmu na gama kai, daga Garbadu har Bakura da Maradun, sunan mota ɗaya kawai muke ji a bakin mutane, watau Hilux. Mu dai ra'ayinmu dabam ne. Muna ganin yawancin ƙungiyoyinmu ƙaramar mota ce ta dace da su, mai ƙofa a baya, mai giyar hannu, a ɗaura mata ƙugiya da 'yar tirela. Ga dalilanmu, ku auna su a taronku.

Da farko mu tambayi kanmu, me motar za ta riƙa yi daga Litinin zuwa Asabar? Za ta kai sakatare banki, ta kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauko maganin feshi da irin shuka, ta kai mata da kayansu kasuwar Mafara ranar Talata. Wani lokaci ta je Gusau ko Sakkwato, kuma tsakanin biranen nan biyu tafiya ce da ta haura kilomita 200, Talata Mafara tana wajen tsakiya. Kaya masu nauyi sosai kuwa, kamar kwasar shinkafa daga filayen Bakalori, aikin 'yan makonni ne a shekara. Wanda ya sayi babbar mota saboda makonnin nan zai yi ta shayar da ita mai har sauran watannin, tana yawo da mutum uku da buhu biyu.

Dattawanmu suna tunawa da a-kori-kura ta Peugeot, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Mota ce mai haƙuri, ba wanda ya musa. Amma tuni aka daina haɗa ta, kuma zamanin da ta yi tashe zamanin mai ne mai araha. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun daga nan kuɗin mai ya zama babban abin dubawa a wurin mai sayen mota.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Mu ɗauka ƙaramar mota tana shan lita 8 a kilomita 100, babbar kuma lita 13. Mu ɗauka motar ƙungiya tana yin kilomita 1,500 a wata. Ƙaramar za ta sha lita 120, babbar lita 195. Bambanci lita 75 ke nan. In an sayi lita a naira 1,000, naira 75,000 ne kowane wata, naira 900,000 a shekara. Ku kwatanta wannan da kuɗin hayar babbar mota sau uku ko huɗu lokacin kaka, ku ga wanne ya fi. Ku kuma ƙirga buhun taki nawa kuɗin nan zai saya wa membobi. Waɗannan lambobi misali ne. Kada ku ɗauki maganar dillali a kan shan mai. Ku cika tanki, ku rubuta lambar da ke agogon tafiya, ku je Gusau ku dawo, ku sake cikawa a famfon da kuka fara. Abin da ya shiga shi ne gaskiyar motar. Mai mota da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ku yi masa godiya ku wuce.

To, yaya batun jan kaya? Nan ne muke so mu daɗe, gama nan ne ake yin ɓarna. Motocin da ake shigowa da su daga Turai, irin su Golf da Sharan, suna da wani ɗan ƙarfe ko takarda manne a jikin ƙofa ko cikin bonet, mai lambobin nauyi. Lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Ku cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne iyakar abin da motar za ta ja, shi ma in tirelar tana da birkinta. Tirelar da mai walda zai ƙera mana ba ta da birki. Ƙa'idar da ake bi a Turai ga irin wannan ita ce kada ta wuce kilo 750, kada kuma ta wuce rabin nauyin motar. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,100, abin da za ta ja lafiya wajen kilo 550 ne, har da nauyin tirelar kanta. In tirelar kilo 200 ce, saura kilo 350. Buhu bakwai ke nan na taki mai kilo 50, ko buhu uku na masara.

Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. Haka ne, kaɗan ne. Amma ya isa injin ban ruwa da tiyonsa, ya isa famfunan feshi, da abincin kaji, da ƙaramin injin sussuka da za a kai wa wannan memba yau, wancan gobe. Aikin yau da kullum ke nan. Injin mota yana iya tayar da kayan da ya fi haka nauyi, shi ya sa direbobi suke ruɗuwa. Tsayawa ce matsalar. Sa'ad da akuya ko yaro ya ɓullo a hanya, birkin da aka yi domin mota ɗaya ba zai tsai da nauyin mota biyu ba, tirelar ce za ta tura ku gaba.

Ƙugiyar kuma a ɗaure ta da kusoshi a ƙashin motar. Sau da yawa muna ganin an yi mata walda a bamba, ko an ɗaura igiya, wannan neman rai ne. A sa sarƙa ta biyu don ko ƙugiya ta kuɓuce. A sa fitila da abin ƙyalli a baya. Wajen lodi, a ɗan rinjayar da nauyi gaban tayar tirela. In nauyi ya koma baya, tirela za ta fara lilo da zarar an yi gudu, direba kuwa ba zai iya riƙe ta ba. Kuma kada a ɗauki mutum a tirela, ko da ranar biki ce.

Mun ce giyar hannu saboda dalili biyu. Giyar da ke canza kanta tana zafi in tana jan kaya, gyaranta kuma sai an nemi gwani a birni. Mai giyar hannu kuwa, bakanike a Mafara zai canza mata kuloci, in batir ya mutu yara huɗu su tura ta ta tashi. Kafin ku sayi kowace mota, ku zaga shagunan kayan gyara na Mafara ku tambayi kuloci da takalmin birki da famfon mai nata. In an ce sai an aiko daga Kano ko Legas, ku sake shawara. Wani abu kuma: makanikai da yawa sukan cire ɗan makullin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don kada mota ta yi zafi. Injin zamani da bai ɗumama yadda ya kamata ba, ƙarin mai yake sha. A wanke lagireto, a gyara fanka, a bar makullin a wurinsa. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe matatar iska, a kuma auna iskar taya kowane mako.

Akwai masu cewa 'yar kurkura ta fi. Ba mu raina ta ba. Injinta ƙarami ne, ba ta shan mai, a Japan inda ake ƙera ta an ƙayyade mata kilo 350, ko da yake a nan mun ga abin da ake ɗora mata. Ƙungiyar da aikinta jigilar kaya ne kullum tsakanin gona da kasuwa, ita ce ta dace da ita. Sai dai mutum biyu take ɗauka, ba wurin kwantar da marar lafiya. Yawancinsu kuma sitiyarinsu a dama ya zo, aka juya shi, gama tun 1972 a hannun dama muke tuƙi. A duba aikin juyin nan da kyau. Hanyoyin cikin fadama da damina kuwa, amalanken shanu har yanzu ba a yi wanda ya fi shi ba, kada zuwan mota ya sa a sayar da bijimai.

Dole mu faɗi abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa a taro. Hanyoyinmu ba lafiya. Sabuwar Hilux fara, daga nesa kamar ta gwamnati ce ko ta jami'an tsaro, tana kuma shelar cewa akwai kuɗi a ƙauyen da take kwana. Tsohuwar ƙaramar mota tana shigewa cikin motocin haya ba wanda ya waiwaya. Mu tuna kuma da 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. A irin wannan lokaci motar da lita goma ke kai ta nesa ita ce ke kai marar lafiya asibiti ta dawo.

Kuɗin nan na gwauraye ne, da na 'yan Zumuntar Mata da suka tara daga ƙuli-ƙuli da kiwon kaji. Saboda haka takardun mota, har da na kwastan, su fito da sunan ƙungiya, a duba lambar inji da ta jikin mota su yi daidai da abin da aka rubuta. Direba ya zama ɗaya. A ajiye littafi cikin motar, a rubuta kowace tafiya da kilomitarta da man da aka sha. Duk wanda ya ɗauke ta don hidimar kansa ya biya bisa kilomita, kuɗin ya ƙunshi mai da rabon taya da gyara. Shugaba ya biya, ma'aji ya biya, mu malaman gona mu biya. Baba Fasto ma, da dukan girmamawa, in tafiyar ta ikilisiya ce sai ikilisiya ta biya daga asusunta, kada a ɗora wa ƙungiya.

Muna roƙon kowane sakatare ya sayi littafin rubutu tun yanzu, ya riƙa rubuta duk tafiyar da ƙungiya ta yi hayar mota ko babur dominta: ina aka je, mutum nawa, buhu nawa, nawa aka biya. A yi haka wata uku, a haɗa da makonnin girbi. A kawo littafin taron bayan kaka, a karanta shi a gaban membobi kafin a tura kowa wurin dillali.